Kowane Tsuntsu da Kukan Gidansu: Abubuwan Mamaki Kan Mazhabobi da Ɗariƙu

Yau buhun namu cike yake da labarin mazhabobi, ɗariƙu da ɓangarorin Musulmi, manya da ƙanana, masu rai da waɗanda tuni ƙasa ta rufe littattafansu. Fatawa aikin malamai ce, mu 'yan kallo ne kawai. A gyara zama.

A cikin kowane Musulmi 10 a duniya, kusan 9 Sunni ne, ɗaya ɗan Shi'a, Ibadawa kuwa ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Daga nesa lissafin kamar na ɗan aji ɗaya. Matso kusa ka ga rassa kamar na tsohuwar tsamiya.

Malaman da suka rubuta littattafan ƙungiyoyi a ƙarnonin farko sun sha fama wajen sa jimillar ta tsaya cif a kan 73, adadin da ya zo a hadisi: in ta gaza a tsaga ƙungiya ɗaya gida uku, in ta zarce a cusa biyu a ɗaki ɗaya. Kuma ba a taɓa samun marubucin da ya sa tasa ƙungiyar cikin ɓatattu 72 ɗin ba. Wa zai ƙi kansa?

Kalmar Shi'a asalinta magoya baya take nufi, wato magoya bayan halifa na huɗu. Hawarijawa su ne waɗanda suka fice daga rundunarsa bayan yaƙin Siffin a 657. Murji'a kuwa masu jinkirta hukuncin mai zunubi sai Ranar Gobe. Yawancin sunayen nan abokan gardama ne suka raɗa su. Suna in ya kama ka, ya fi ƙaya wuyar cirewa.

Mu'utazilawa, kamar yadda aka ruwaito, sun samo sunansu daga wani ɗalibi a masallacin Basra da ya saɓa wa malaminsa kan matsayin mai babban zunubi, ya naɗe buzunsa ya koma gindin wani ginshiƙi. Taku kaɗan ya yi, ga shi shekara 1,300 ana zancen.

A 833 fadar Abbasiyawa ta mayar da ra'ayin cewa Alƙur'ani halitta ne ya zama jarrabawar dole ga alƙalai da malamai, har limamin da Hambaliyya ke ɗauke da sunansa ya sha bulala da kurkuku don ya ƙi amsawa. Bayan kimanin shekara 15 aka soke dokar, wanda aka daka shi ne mutane suka bi. Bulala dai ba ta taɓa cin muhawara ba.

Malamin da ya kafa Ash'ariyya, aƙidar da almajiran zaurukanmu suke haddacewa, ya kai shekara 40 yana cikin Mu'utazilawa kafin ya juya musu baya, ya kuma yaƙe su da irin hujjojin da suka koya masa. Ɗan gida shi ya san inda ɗaki ke yoyo.

Mazhabobin Sunni da sun fi huɗu: Auza'iyya ta yi zamaninta a Sham da Andalus kafin Malikiyya ta karɓe Andalus ɗin, Masar ma ta yi nata limamin, Bagadaza ta yi nata. Ilimi bai gaza musu ba, almajiran da za su rubuta su yaɗa ne suka yi ƙaranci. Malam, riƙe ɗalibanka da kyau, su ne fanshonka.

Zahiriyya ita ce mazhabar da ta ce a tsaya kan zahirin nassi, ban da ƙiyasi, kuma babban malaminta na Andalus kaifin harshensa ya sa aka ƙona littattafansa a birnin Ishbiliya. Shi ne kuma ya bar wa duniya ɗaya daga cikin fitattun littattafan Larabci a kan soyayya. Ashe mai tsauri ma zuciyarsa na bugawa.

Limamin Shafi'iyya yana da maganganu kashi biyu, tsohon zance na zamansa a Iraƙi da sabon zance na bayan komawarsa Masar. Mutum ɗaya ya saɓa wa kansa kuma ba a ga rawaninsa ya faɗi ba. Mu kuwa in mun faɗi magana a majalisa, sai dai a mutu a kai.

Shekaru ɗaruruwa Masallacin Harami yana da tsayuwar limamai huɗu a kewayen Ka'aba, kowace mazhaba da nata liman da nata sahu, sai cikin shekarun 1920 aka haɗa kowa bayan liman guda. Ka ji inda makararre ke da gata: in ta Shafi'iyya ta wuce ka, ta Hanafiyya na tafe.

A 1265 sarkin Masar ya naɗa alƙalan alƙalai huɗu a Alƙahira, kowace mazhaba da nata. Masu wayo ba su daɗe ba suka gane wace kotu ce ta fi dacewa da wace ƙara. Kowa ya san rumfar da ake yi masa ragi.

A Hanafiyya, wanda ya tuntsire da dariya cikin salla, sallar ta tafi, alwalar ma ta bi ta. Jini in ya kwarara shi ma ya warware ta, alhali a Malikiyya alwalar na nan daram. Mai saurin dariya ya san garin da zai zauna.

A Hambaliyya cin naman raƙumi na warware alwala, sauran ukun suka ce ci abinka ka shiga sahu. Mai tsiren raƙumi a Agadas ya huta da ajiye buta kusa da tukuba.

A Shafi'iyya fatar namiji in ta taɓa ta matarsa, ko bisa kuskure, alwala ta tashi. Hanafiyya ta ce ba komai, Malikiyya ta ce sai in da jin daɗi ko nufinsa. Shi ya sa alhazan Indunusiya da yawa ke aron fatawar wata mazhaba kafin su shiga turmutsutsun ɗawafi. Aro halal ne, ba a ma mayarwa.

La'asar ɗin Hanafiyya sai inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu, ta sauran kuwa da ta kai tsawonsa ɗaya an shiga lokaci. Baƙon da ya sauka Lahore ya ji shiru, kada ya ce ladan ya yi barci. Inuwa yake jira.

Sakin hannu a salla, wato sadalu, ya haɗa Malikawa da 'yan Shi'a da Ibadawa a layi ɗaya, ko da ba su shirya ba. A Kano ta tsakiyar ƙarnin da ya wuce an kai ruwa rana kan ƙabalu da sadalu, yau ga su kafaɗa da kafaɗa a sahu guda. Hannu ya huta, baki ma ya huta.

Bisimilla kafin Fatiha: Shafi'i ya bayyana ta, Hanafi ya ɓoye ta, Maliki a farilla ya wuce kai tsaye, sa'an nan ya rufe da sallama ɗaya inda wasu ke yin biyu. Bahaushen da ya fara bin liman a Mombasa sai ya yi ta waige. Tafiya mabuɗin ilimi.

Kare mai rai tsarkakakke ne a Malikiyya har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya lasa sau 7 kuma bin umarni ne kawai. A Shafi'iyya kuwa najasa ce mai nauyi, sai an haɗa da ƙasa. Da karnuka na zaɓen mazhaba, an san inda layi zai yi tsawo.

Naman kura halal ne a Shafi'iyya da Hambaliyya, Hanafiyya ta haramta, Malikiyya ta ce makaruhi. Halal ɗin dai na cikin littafi. Wa zai kamo ta?

Fiƙihun Ja'afariyya na 'yan Shi'a bai yarda da kifi marar ɓawo ba, don haka tarwaɗa ta tsira, zomo ma haka; Hanafiyya kuwa a duk halittun ruwa kifi kaɗai ta sani, ƙaguwa ta kama gabanta. Malikiyya ta ce abin da ke cikin ruwa duk a kawo. Masuntan Yawuri sun gode.

Naman doki a mashahurin zancen Malikiyya haramun ne, Shafi'iyya ta halatta, limamin Hanafiyya ya ƙi shi amma manyan almajiransa biyu suka sassauta. Mutanen Kazakistan, Hanafawa ne na gidi, sun riƙe zancen almajiran gam, har tsiran-alade na doki suke yi. Mu namu sai hawan salla.

A tsohon hukuncin Hanafiyya matar da mijinta ya ɓata sai ta jira har sa'o'insa su ƙare a duniya, Malikiyya kuwa shekara 4 ta yanka. Da abin ya ishi matan Indiya, malamansu Hanafawa suka aro hukuncin Malikiyya, ya shiga dokar ƙasar a 1939. Gishirin maƙwabci ma na gyara miya.

Deobandiyya da Barelwiyya, manyan ɓangarorin Sunni na Indiya da Pakistan, duk Hanafawa ne, duk sunayen garuruwa suke ɗauke da su, garuruwan kuma a jiha ɗaya, amma kan maulidi da ziyarar kabari ba sa shan inuwa guda. Ta Deoband ta fara ne a 1866 a gindin bishiyar rumman, malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, kuma takwarorin juna. Ranar dai kiran suna bai ɗauki lokaci ba.

'Yan Shi'a ana rarrabe su da ƙidayar limamai: Zaidiyya sun rabu da sauran a kan na 5, Isma'iliyya a kan na 7, Imamiyya suka kai 12 suna jiran bayyanar na ƙarshe. Biyar, bakwai, sha biyu. Kamar mai tallan goro na faɗin farashi.

Iran da yau ake yi wa kallon gidan Shi'a, yawancin mutanenta Sunni ne har zuwa 1501, lokacin da daular Safawiyya ta mayar da Shi'anci addinin gwamnati. Biyu daga cikin masu manyan littattafan hadisi shida na Sunni ma 'yan can ne, ɗaya Naisabur ɗaya Ƙazwin. Duniya rawar 'yan mata.

Ga kishiyar wancan: masallacin Azhar, matattarar malaman Sunni a yau, Faɗimiyawa 'yan Isma'iliyya ne suka aza tubalinsa a 970, shekara ɗaya bayan sun kafa birnin Alƙahira. Daularsu ta faɗi a 1171, ginin ya sauya masu shi. Wani ya haƙa rijiya, wani ke jan guga.

Ɗan Shi'a Imamiyya kan ɗora goshinsa a kan ɗan curin yumɓu yayin sujada, don a fiƙihunsu sai a kan ƙasa ko abin da ta tsirar wanda ba a ci ba a sawa, kuma an fi son yumɓun Karbala. Tabarmar kaba ta wadatar, darduma ce ba ta ci jarrabawa ba.

Tsakanin Najaf da Karbala kimanin kilomita 80 ne, kuma duk shekara miliyoyi ke taka shi a ƙasa don cikar kwana 40 da ranar shahadar jikan Manzon Allah (SAW), ga turakun hanya sama da 1,400 kowanne da lambarsa don kada a ɓace wa juna. Abinci, shayi, wurin kwana har da tausar ƙafa duk kyauta, masu bayarwa ne ma ke roƙo. Matafiyi ya dawo da ƙiba.

Zaidiyya sun riƙe sarautar limanci a tsaunukan Yaman tun 897, tana faɗuwa tana tashi, har zuwa 1962, kuma fiƙihunsu ya yi kusa da na Sunni ƙwarai. Shekara dubu da ɗoriya kenan. Dutse ba ya gaggawa.

A 930 wata ƙungiya, Ƙarmaɗawa, suka auka wa Makka a lokacin aikin Hajji, suka ciro Hajarul Aswadi suka tafi da shi gabashin Arabiya, bai dawo ba sai bayan kimanin shekara 22. Sun so alhazai su bi dutsen, alhazai suka ci gaba da zuwa Makka. Sun yi dakon banza.

Isma'ilawan Nizariyya sun yi zamansu a ganuwar Alamut kan tsaunukan Iran daga 1090 har Mongol suka rushe ta a 1256, kuma laƙabin da maƙiyansu suka yi musu, Hashishiyya, shi Turawa suka lanƙwasa ya zama kalmarsu ta mai kisan mummuƙe. Jikokinsu a yau an fi sanin su da gina makarantu da asibitoci. Zamani riga.

Su dai Nizariyyan sun ɗora limaminsu a sikeli sun auna shi da zinariya a Bombay a 1936, da lu'ulu'u a 1946, da farin ƙarfen nan mai tsada, filatinom, a Karachi a 1954, dukiyar kuma ta koma ayyukan jama'arsu. Nan ne kaɗai mabiya ba sa yi wa shugaba fatan ramewa.

Buhrawan Indiya, wani reshen Isma'iliyya, mutum 8 ke kewaye babban faranti ɗaya, a fara da ɗanɗana gishiri, a bi da kayan zaƙi, sa'an nan nama ya iso. Harshensu Gujarati ne da aka cika da Larabci ake rubuta shi da baƙaƙen Larabci. Ashe ajami ma na da dangi a Indiya.

Buhrawan nan ba sa fita duban wata: kalandarsu a lissafe take, wata mai 30 ya bi mai 29, ranar Salla sananniya ce tun shekaru kafin ta zo. Telolinsu ba su da uzuri ko ɗaya.

Duruzawan Lebanon da Siriya daga Isma'iliyya suka ɓalle a Masar wajen 1017, suka zama addini mai zaman kansa, a 1043 kuma suka rufe ƙofar shiga, sai dai a haife ka ciki. Abin shansu wani ganye ne daga Ajantina da 'yan ci-rani suka koyo, ana zuƙarsa da tsinken ƙarfe. Mutum ba ya shiga, shayi ya shiga.

Ibadawa, waɗanda Oman ce cibiyarsu, ba sa son a haɗa su da Hawarijawa, suna kiran kansu Ahlul Istiƙama, kuma a wurinsu liman zaɓensa ake yi bisa ilimi da tsoron Allah, ko daga wace ƙabila yake. Wani sarkinsu ya taɓa kwashe fadarsa daga Maskat ya koma Zanzibar wajen 1840. Ƙamshin kanumfari ya yi kira.

Fataken Ibadawa na daular Tahart, a Aljeriyar yau, suna cikin Musulmin farko da suka keto Sahara da raƙuma zuwa Gawo da maƙwabtanta tun ƙarni na 8 da na 9. Sun riga Malikiyya sallama a ƙofar yankin, amma ita ta samu ɗaki. Sammako daban, dacewa daban.

A kwarin Mizab na Aljeriya, garin Ibadawa na Bani Isgen ya shahara da rufe ƙofofin ganuwa da dare, baƙo ya kwana a waje, ba a busa taba a titi, matan aure kuma na lulluɓa da farin mayafi ido ɗaya kawai ke waje. Kasuwarsu ta yamma gwanjo ce, masu saye na zaune dillali ke zagayawa. Ido ɗaya ya isa gane kaya mai kyau.

A gaɓar tekun Maroko an yi wata daula, Bargawaɗa, daga wajen 744 har tsakiyar ƙarni na 11, da nata littafi da harshen Berber mai surori 80, da azumi a Rajab, da haramcin cin ƙwai da kaza, kamar yadda marubutan tarihi suka kawo. Zakara kuwa ba a taɓa shi, don shi ke faɗin lokaci. Bai taɓa samun gwamnati irin wannan ba.

Ɗariƙa ba mazhaba ba ce, shi ya sa Baƙadire da Batijjane a Kano duk Malikawa ne, ɗaya zuciyarsa na Bagadaza da bandirinsa, ɗaya tana Fas da Kaulaha da farin ƙyallen wazifarsa. Littafin fiƙihu ɗaya, carbi ne kowa da irin jansa.

A arewa maso yammacin Sin, rassa biyu na Naƙshabandiyya, Khufiyya da Jahriyya, sun yi ta gardama kan zikiri a ɓoye ko a bayyane har abin ya kai ga tawaye a 1781, sojan sarki ya shigo. 'Yan Jahriyya har yau ana gane su da hula mai kusurwa 6. Daga a rage murya sai ga igwa.

A lardin Henan na ƙasar Sin ɗin akwai masallatan mata zalla, da malamai mata masu koyarwa da jagorantar ibada, wasunsu sun haura shekara 200. Maigida ya rako uwargida, iyakarsa bakin ƙofa.

Darwishan Maulawiyya na Konya masu juyi kamar katantanwa, doguwar hularsu alamar dutsen kabari ce, farar riga likkafani, baƙar alkyabba kabarin kansa. Turkiyya ta rufe zawiyoyi a 1925, yau kuma 'yan yawon buɗe ido ke sayen tikitin kallonsu. Ana yi maka wa'azin mutuwa kana ɗaukar hoto.

Malamatiyya na Naisabur a ƙarni na 9 tsoron riya ya sa suke ɓoye ibadarsu, sun gwammace a zarge su da a yabe su. Da a yau suke, Facebook bai samu ko sisinsu ba.

Sufayen Yaman ne suka yaɗa shan gahawa a ƙarni na 15 don ido ya bushe a zikirin dare, har hukumar Makka ta hana ta a 1511, hanin da bai yi ƙarko ba. A Senegal kuwa Muridawan Tuba kimba suke zuba wa tasu. Kimbar da ke cikin yajin mai jego, ita ce dai.

Mabiya Mahadin Sudan na shekarun 1880 sun fara sa riga mai faci don nuna gudun duniya, daga baya facin ya zama ado mai launi-launi da tela ke tsarawa. Mutanenmu da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 su suka kafa garin Mai Wurno a can Sudan ɗin, a bakin Shuɗin Nilu, jikokinsu na can. Ka yi sallama da Hausa a amsa maka.

Ranar Ashura ɗaya ce, shagalin ne kowa da nasa: azumi ga Sunni, makoki a Karbala, faten hatsi mai zaƙi a Turkiyya, dambun gero a Senegal, a Pariaman ta Indunusiya kuma Shafi'awa ne ke gina dogayen hasumiyoyin gora su jefa a teku. Mu nan cika-ciki, a fito da jelar ragon layya, taubasai su bi juna kuɗin shara. Wanda bai ƙoshi ba ranar, shi ya so.

A 2005 malamai kusan 200 daga ƙasashe 50 suka taru a Amman suka amince da mazhabobi 8, huɗun Sunni da Ja'afariyya da Zaidiyya da Ibadiyya da Zahiriyya, suka ce mabiyinsu Musulmi ne, ba a kafirta shi. Takardar ta zaga duniya. Teburin mai shayin unguwarmu ne kawai ba ta iso ba tukuna.

To jama'a, buhu ya yi ƙasa. In ka ga baƙo a masallacinku ya saki hannu ko ya kama, ya yi sallama ɗaya ko biyu, matsa masa ya samu wuri, wataƙila a garinsu kai ne abin kallo. Sai mun sake haɗuwa, kowa ya duba takalminsa kafin ya fita.